Igiya da tabarma: labarin Ernst Ising da asirin mayen ƙarfe

A shekara ta 1924 wani ɗalibi a ƙasar Jamus ya kammala lissafin da malaminsa ya ɗora masa, ya samu amsar da ba ta yi wa kowa daɗi ba, ya tattara takardunsa ya bar fagen bincike. Sai bayan shekara 25, bayan kora daga aiki da gudun hijira da kiwon tumaki a ƙasar da ba tasa ba, ya samu labarin cewa ɗan tsarin nan da ya yi aiki a kansa ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan ilimin fizik, kuma da sunansa duniya take kiransa.

Abin da ke faruwa a maƙera

Mai karatu yana iya ganin mafarin wannan magana da idonsa a kowace maƙera. Idan aka kusantar da mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, ga ƙusa mai sanyi, nan take za ta manne masa. Idan aka sa ƙusar a wuta aka yi ta zuga har ta yi ja sosai, sannan aka sake kusantar da shi, sai a ga ya daina kama ta, kamar ba ƙarfe ba ce. In ta ɗan huce kuma sai kamun ya dawo. Ƙusar ba ta narke ba, domin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1538 a ma'aunin Salsiyus, kuma babu abin da ya fita daga jikinta ko ya shiga. Duk da haka, a daidai digiri 770 halinta yakan juya. Masanin nan na Faransa Pierre Curie ne ya auna wannan al'amari da kyau a 1895, shi ya sa ake kiran wannan mataki na zafi da sunansa.

Abin da ya dami masana shi ne yadda juyin yake zuwa a gaɓa guda. Zafi yana hawa ne sannu a hankali, digiri bayan digiri, to don me halin ƙarfen zai tsaya a wani mataki takamaimai ya canja? Irin wannan tambaya ce ake yi game da ruwan da ke tafasa ko ƙanƙarar da ke narkewa. Masana suna kiran waɗannan abubuwa juyin hali, kuma bayaninsu yana cikin manyan matsalolin da suka sha kan ilimin fizik a farkon ƙarni na 20.

Ilimin da ba ya ƙidaya ɗaya-ɗaya

A cikin giram guda na ƙarfe akwai ƙwayoyin zarra, waɗanda ake kira atam, da yawansu ya kai lamba 1 da sifiri 22 a bayanta. Babu mai iya bin sawun kowace ƙwaya. Don haka a ƙarshen ƙarni na 19 Ludwig Boltzmann na ƙasar Otirishiya, da Josiah Willard Gibbs na Amurka wanda littafinsa ya fito a 1902, suka shimfiɗa wata hanya da ake kira fizik na ƙididdiga. Hanyar ta yi kama da ta ɗan kasuwar da bai san abin da ke aljihun kowane mai saye ba, amma ya san yadda kuɗin hatsi zai kasance da kaka da kuma lokacin bazara.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: ƙwayoyin suna iya zama a tsare-tsare iri-iri masu ɗimbin yawa, kuma kowane tsari yana da tsadarsa ta makamashi. Tsari mai arha ya fi saurin aukuwa, mai tsada kuwa ya fi wuya. Zafi shi ne kuɗin da ake biyan tsadar da shi. Idan abu ya yi sanyi, ba shi da abin biya, dole ya zauna a tsari mafi arha, wanda galibi shi ne mai oda. Idan ya yi zafi, yana iya biyan tsare-tsare masu tsada, kuma tun da hanyoyin hargitsi sun fi hanyoyin oda yawa nesa ba kusa ba, sai hargitsi ya yi rinjaye. Dukan abin da zai biyo baya a wannan labari kokawa ce tsakanin waɗannan biyu: tsadar makamashi a gefe guda, yawan hanyoyi a ɗaya gefen.

Tun kafin nan masana sun yi zaton cewa kowace ƙwayar ƙarfe ƙaramin maganaɗisu ce mai kai da gindi. In mafi yawansu suka fuskanci wuri guda, ƙarfinsu zai haɗu ya bayyana a waje. In kowace ta fuskanci inda ta ga dama, sai su kashe ƙarfin juna. A 1907 wani Bafaranshe, Pierre Weiss, ya ba da shawarar cewa kowace ƙwaya tana jin matsakaicin ƙarfin dukan sauran, shi ne yake jan ta ta bi sahu. Lissafinsa ya fitar da gaɓar juyi kamar yadda Curie ya auna, sai dai ya bar giɓi babba, domin bai faɗi yadda ƙwayar da ke wannan bakin ƙusa za ta ji labarin wadda ke wancan bakin ba.

Gidajen dara

A 1920 wani masani Bajamushe, Wilhelm Lenz, ya kawo wata shawara mai sauƙi har ta kai ga ban mamaki. Ya ce a ɗauka ƙwayoyin suna zaune a gurabe na dindindin, a jere kamar ramukan dara, kuma kowace tana da zaɓi biyu kacal: ko ta fuskanci sama ko ta fuskanci ƙasa. Tsarin da ya fito daga wannan shawara ya ƙara sharaɗi guda, wato kowace ƙwaya ba ta hulɗa da kowa sai maƙwabtanta na kusa. In maƙwabta biyu suka dace, makamashi ya yi arha. In suka saɓa, ya yi tsada. Iyakar tsarin ke nan. An jefar da nauyin ƙwayar da girmanta da motsinta, an bar gurbi da zaɓi biyu da maƙwabtaka.

Sauƙin nan na ido ne kawai. Dara tana da ramuka 30, jeri biyar na shida-shida. In aka ce kowane rami a sa masa ko tsinke ko tsakuwa, hanyoyin cika ta sun haura miliyar ɗaya. In aka faɗaɗa ta ta zama goma sau goma, wato ramuka 100, hanyoyin za su kai lamba mai sifiri 30 a bayanta. Na'urar da ke duba hanya miliyar ɗaya a kowace daƙiƙa za ta buƙaci lokacin da ya ninka shekarun da masana suka ƙiyasta wa sararin samaniya kusan sau dubu uku kafin ta gama. To ina ga giram guda na ƙarfe? Saboda haka ƙidaya ba za ta yi ba, sai dabarar lissafi.

Lenz ya koma jami'ar Hambur a 1921, kuma a can ya miƙa wannan matsala ga ɗalibinsa Ernst Ising, wanda aka haifa a birnin Kolon ranar 10 ga watan Mayu na 1900. Tambayar ita ce: ashe yarjejeniya tsakanin maƙwabci da maƙwabci kaɗai za ta isa ta sa dukan jama'ar ƙwayoyin su fuskanci wuri guda?

Amsar da ta yi daidai, da hukuncin da ya kuskure

Ising ya fara da siffa mafi sauƙi, wato ƙwayoyi a layi guda kamar duwatsun tsakiya a zare, kowace da maƙwabci ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya warware lissafin gaba ɗaya, kuma amsar ita ce a'a. Muddin akwai zafi komai ƙanƙantarsa, dogon layi ba zai riƙe oda ba.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. A ɗauka dukan ƙwayoyin layin suna fuskantar sama. In aka zaɓi wani wuri aka juya dukan waɗanda ke damansa zuwa ƙasa, maƙwabta biyu ne kaɗai a duk layin suka saɓa, wato waɗanda ke bakin wurin yankan. Tsadar ke nan guda ɗaya, ko layin na ƙwaya goma ne ko na miliyan. Amma wuraren da za a iya yin yankan suna ƙaruwa da tsawon layin. Tsada ta tsaya wuri guda, hanyoyi suna ta yawa, saboda haka ko ba daɗe ko ba jima zafi zai samu inda zai yanka, ya sake yankawa, har layin ya zama guntaye masu fuskantar sama da ƙasa. Igiya komai tsawonta, wuƙa ɗaya ce take raba ta biyu.

Ising ya samu digirinsa na doktora da wannan aiki a 1924, kuma a 1925 ya buga taƙaitaccen bayaninsa a wata mujallar fizik ta Jamus. Lissafinsa a kan layi daidai yake, har yau haka ake koyar da shi. Inda ya yi tuntuɓe shi ne da ya ɗauki abin da ya gani a layi ya yi hukunci da shi a kan sauran siffofi, ya ce ko a jikin ƙarfe mai tsawo da faɗi da kauri ma tsarin ba zai haifar da maganaɗisu ba. Masana suka karɓi wannan hukunci. A 1928 Werner Heisenberg ya ambaci sakamakon Ising a matsayin shaidar cewa tsarin bai wadatar ba, sannan ya kawo nasa bayani wanda ya dogara da sabon ilimin kwantum. Shi kuwa Ising, ganin tsarin bai haifi abin da aka nema ba, sai ya kama wata hanya. Ya yi ɗan aiki a ofishin wani kamfanin lantarki a Barlin, daga baya ya zaɓi koyarwa a makarantun sakandare.

Shekarun duhu

Ising Bayahude ne. Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka kore shi daga aikin gwamnati kamar sauran malamai ƴan'uwansa. A 1934 ya samu koyarwa a wata makarantar kwana ta yaran Yahudawa a ƙauyen Kaput kusa da Potsdam, dab da gidan da Albert Einstein yakan yi hutu a cikinsa kafin ya bar ƙasar, kuma a 1937 ya zama shugaban makarantar. Ranar 10 ga watan Nuwamba na 1938, a cikin farmakin da ƴan Nazi suka kai wa Yahudawa a ko'ina cikin Jamus, aka auka wa makarantar aka farfasa ta, aka kori yara da malamansu. A farkon 1939 ƴan sandan ciki na Gestapo suka kama shi suka yi masa tambayoyi, kuma a cikin wannan shekara shi da matarsa suka tsallaka zuwa Luksambur da niyyar wucewa Amurka.

Tafiyar ba ta yiwu ba. Sojan Jamus suka mamaye Luksambur ranar 10 ga watan Mayu na 1940, ranar da ya cika shekara 40 da haihuwa. Ya rayu a ƙarƙashin mamaya yana kiwon tumaki yana aikin ƙarfi a hanyar jirgin ƙasa, har da aikin tilas na cire layukan dogo. Sai a 1947 ya samu isa Amurka da iyalinsa. A duk tsawon waɗannan shekaru ba ya ganin mujallun kimiyya, kuma bai san abin da ke faruwa da tsarin da ya bari a baya ba.

Shingen Peierls

Abin da ke faruwa kuwa babba ne. A 1936 Rudolf Peierls, wani masani haifaffen Barlin wanda shi ma mulkin Nazi ya hana shi komawa gida ya zauna a Ingila, ya buga wata gajeriyar takarda a Kambirij wadda ta sa sunan Ising a kanta. Daga nan sunan ya bi tsarin, ko da yake Lenz ne ya fara kawo shi. Peierls ya nuna cewa abin da ya faru a layi ba zai faru a shimfiɗa ba.

A shimfiɗa irin ta dara kowace ƙwaya tana da maƙwabta huɗu. A ɗauka duka suna fuskantar sama, ana so a juya wani yanki a tsakiyarsu zuwa ƙasa. Saɓani zai faɗa ne a duk kewayen yankin, kamar shingen da ke kewaye gona. Ƙaramar gona ƙaya kaɗan take ci, babbar gona kuwa sai an sha saran ƙaya. Ke nan tsada tana ƙaruwa da tsawon shingen. Hanyoyin jan shingen su ma suna ƙaruwa, domin a kowane taki mai shinge yana iya miƙewa ko ya karkata dama ko hagu, zaɓi uku a mafi yawa. Yanzu kokawar ta zama ta tsara da tsara: kowane taki yana ƙara tsada, kowane taki yana ƙara hanyoyi. Idan zafi kaɗan ne, tsada ce ke kayarwa, dogayen shingaye ba sa samuwa, sai ƴan ƙananan tsibirai nan da can, mafi yawan ƙwayoyin kuma su ci gaba da fuskantar wuri guda. Idan zafi ya yi yawa, hanyoyi ne ke kayarwa, shingaye su ratsa ko'ina, oda ta watse. Tsakanin biyun dole akwai gaɓa. Tabarma ba ta rabuwa da yanka ɗaya, sai an bi ta kaba bayan kaba daga wannan baki zuwa wancan.

Hujjar Peierls tana da ɗan giɓi na lissafi wanda Robert Griffiths ya cike a 1964, amma tunanin nasa ya tsaya daram. A 1941 Hendrik Kramers da Gregory Wannier suka gano daidai inda gaɓar take a shimfiɗa mai gidaje murabba'i: in aka auna zafi da ma'aunin ƙarfin da ke tsakanin maƙwabta biyu, juyin yana aukuwa a 2,269.

Aikin Onsager

Saura babban aiki, wato a warware lissafin shimfiɗa gaba ɗaya kamar yadda Ising ya warware na layi. Mutane da dama sun ɗauka abin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Har ma a wancan zamani akwai manyan masana da ke shakkar ko ƙa'idar Boltzmann da Gibbs ita kaɗai tana iya haifar da juyi mai kaifi, ba tare da an ƙara mata wata doka ba. An yi zazzafar muhawara a kan haka a wani taro a Amstadam a 1937, aka tashi ra'ayi a rabe.

Wanda ya kashe gardamar shi ne Lars Onsager, ɗan ƙasar Norwe mai koyar da ilimin sinadarai a jami'ar Yale ta Amurka. Ya sanar da sakamakonsa a wani taro a 1942, ya buga shi a 1944, lokacin da Ising yake can Luksambur yana fama da abin da zai ci. Onsager ya nuna da lissafi tsantsa, ba tare da kintace ko ragi ba, cewa shimfiɗar tana da gaɓar juyi a daidai inda Kramers da Wannier suka ce, kuma a wannan gaɓa yawan zafin da ake buƙata don ɗaga ɗuminta da taki guda yana hauhawa ba iyaka. Wannan ne karo na farko da aka ga juyin hali ya fito ƙarara daga cikin ƙa'idojin fizik na ƙididdiga a tsarin da maƙwabta kaɗai ke hulɗa. Lissafin yana da wuya ƙwarai, har sai da Bruria Kaufman ta sauƙaƙa shi a 1949.

A 1948 Onsager ya rubuta wa masana a kan allo ƙa'idar da ke ba da ƙarfin maganaɗisun shimfiɗar a kowane mataki na zafi, amma bai buga yadda ya same ta ba. Sai a 1952 Chen Ning Yang, masani ɗan asalin ƙasar Sin, ya fitar da hujjarta bayan aikin watanni. A cikin ƙa'idar akwai wata lamba da ta zama abin magana, wato ɗaya bisa takwas. Ma'anarta ita ce, dab da gaɓar juyi, sai an rage tazarar da ta saura sau 256 kafin ƙarfin maganaɗisu ya ragu da rabi. A lissafin Weiss na dā lambar rabi ce, wato rage tazarar sau huɗu ya isa. Bambancin ya nuna cewa tsohuwar hanyar ɗaukar matsakaici tana kuskure a daidai wurin da aka fi bukatarta.

Ruwa da tururi da tagulla

Da a kan maganaɗisu kaɗai tsarin ya tsaya, da bai yi wannan suna ba, balle ma shi ƙarfe na gaske tsarin Heisenberg ya fi dacewa da shi, tun da ƙwayoyinsa suna iya fuskantar kowace kusurwa. Darajar tsarin Ising ta fito ne daga cewa zaɓi biyun nan suna iya zama komai. A 1952 Yang da Tsung-Dao Lee suka nuna cewa in aka fassara sama da «akwai ƙwaya a gurbin», ƙasa kuma da «gurbin wofi ne», lissafin nan guda ya zama na ruwa da tururi. In aka fassara su da jan ƙarfe da tutiya, ya zama na haɗin ƙarafan nan biyu, wanda ƙwayoyinsa suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya in ya huce ƙasa da kimanin digiri 460, su cakuɗe in ya fi haka zafi.

Ruwa ma yana da tasa gaɓar. In aka rufe shi a tukunya mai ƙarfi aka yi ta ƙara wuta, ruwan yana ƙara sakewa, tururin da ke kansa yana ƙara kauri, har a digiri 374, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 218, bambancinsu ya ɓace. A 1945 Edward Guggenheim na Ingila ya tara awon abubuwa takwas daban-daban, cikinsu har da iskar oksijan da nitorojan da metan, ya ga duka suna tunkarar gaɓarsu da salo guda, da lamba kusan ɗaya bisa uku. Awon zamanin nan ya sa ta a wajen 0,326, kuma ita ce lambar da tsarin Ising yake bayarwa in aka gina shi da tsawo da faɗi da kauri, kowace ƙwaya da maƙwabta shida.

Me ya haɗa ruwa da gidajen dara? Amsar ta zo a 1971 daga Kenneth Wilson na jami'ar Cornell, wanda ya ɗora a kan tunanin Leo Kadanoff. Dab da gaɓar juyi, tsibiran sama da na ƙasa suna samuwa a kowane girma, ƙanana cikin manya, manya cikin waɗanda suka fi su. In mutum ya ja da baya ya haɗa ƙwayoyi rukuni-rukuni ya ɗauki kowane rukuni kamar ƙwaya guda, sai ya ga hoton bai canja ba. Kowane ja da baya yana share ƙananan bambance-bambance, irin su nauyin ƙwaya da siffarta, har abin da zai saura shi ne yawan fuskokin wurin da irin zaɓin da ke akwai. Abubuwan da suka yi tarayya a waɗannan biyu lamba guda suke bayarwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa jefar da kayan da Lenz ya yi bai ɓata lissafi ba. Wilson ya samu kyautar Nobel a 1982 saboda wannan aiki.

Abin da ya saura

Tsarin mai fuska uku, wanda shi ne ya fi kama da duniyar da ake ciki, har yanzu babu wanda ya warware shi gaba ɗaya irin yadda Onsager ya yi wa shimfiɗa. Lambobinsa ana samunsu ne ta wasu hanyoyin lissafi da kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa. Hanyar da aka fi amfani da ita ta samo asali daga wata takarda ta 1953 da Nicholas Metropolis da abokan aikinsa huɗu suka buga daga Los Alamos. Maimakon a duba dukan hanyoyi, kwamfuta takan zaɓi ƙwaya guda ta gwada juya ta: in juyin ya rage tsada a karɓa, in ya ƙara sai a jefa ƙuri'a wadda zafi ke ƙayyade nauyinta. In aka maimaita haka sau miliyoyi, sai a samu samfurin da ke wakiltar duka, kamar yadda mai sayen gero yake nutsa hannu a buhu ya duba abin da ya fito.

Rassan tsarin kuma sun yi nisa. Akwai haɗin ƙarafa, kamar jan ƙarfe da aka zuba wa manganis kaɗan, inda wasu maƙwabta ke son dacewa wasu kuma ke son saɓawa. Mutum uku da kowanensu ke son saɓa wa sauran biyu, alhali zaɓi biyu ne kawai, ba yadda za a yi duka su gamsu. Giorgio Parisi na Italiya ya warware lissafin irin wannan rikici a wajen 1979, kuma aikin yana cikin abin da ya ba shi rabin kyautar Nobel ta fizik a 2021. A 1982 John Hopfield ya ɗauki zaɓi biyun a matsayin ƙwayar ƙwaƙwalwa mai kunnuwa da mutuwa, ya nuna yadda ragar irin waɗannan ƙwayoyi za ta iya ajiye hoto ta kuma tuno da shi daga guntunsa. Wannan yana cikin tushen na'urorin da ke koyo da kansu, kuma shi da Geoffrey Hinton suka raba kyautar Nobel ta 2024. A fagen lissafi, Stanislav Smirnov a 2010 da Hugo Duminil-Copin na Faransa a 2022 sun samu lambar Fields, mafi girma a wannan fanni, kuma tsarin Ising yana tsakiyar ayyukan da aka yaba musu.

Malamin Peoria

Shi kuwa mai sunan, da ya isa Amurka ya koyar na shekara guda a garin Minot na jihar Dakota ta Arewa, sannan a 1948 ya samu kujerar koyar da fizik a jami'ar Bradley da ke Peoria a jihar Ilinoi. A 1949 ne, yana duba mujallun kimiyya, ya gane cewa tsarin da ya yanke wa hukuncin gazawa yana ɗalibi ya zama abin da manyan masana ke gogayya a kansa. Bai koma fagen bincike ba. Ya ci gaba da koyar da ɗalibai har ya yi ritaya a 1976, kuma a bayanan da ya yi daga baya yakan nuna cewa Lenz ne ya kawo tunanin tun farko, shi ya sa wasu masana suke cewa tsarin Lenz da Ising.

Ernst Ising ya rasu a Peoria ranar 11 ga watan Mayu na 1998, kwana guda bayan ya cika shekara 98. Ɗaliban fizik a jami'o'in duniya har yau da lissafinsa na layi suke fara wannan darasi, domin shi ne wanda ɗalibi zai iya warwarewa da alƙalami a shafi guda, kafin malami ya zana gidajen dara a allo ya tambaye su ko a shimfiɗa ma haka abin yake.